Mai Riƙe Ranar Tafiya

Ranar da aka buɗe manhajar sufuri ta Tafiya Ɗaya a Birnin Gwari, fasinja ko ɗaya bai zo ba. Talata ce. Waya ta nuna mutane maƙil, daga Kuyello, daga Saminaka, daga unguwannin Magajin Gari, kowa ya sa sunansa ya ce Talata zai yi tafiya. 'Yan acaba suka sha mai tun da sassafe suka bazu ƙauyuka ɗauko su. Masu Keke mai ƙafa uku suka jeru a mararraba. Direbobi suka goge gilashi suka buɗe but a tasha. Har rana ta take, har ta karkata, shiru. 'Yan acaba suka dawo wayam, ƙafafu jajir da ƙasar burji, rai a ɓace.

Washegari Laraba kuwa, da ba a shirya wa kowa komai ba, sai ga mutane kamar ranar kasuwa, da buhuna da kaji, kowa yana ɗaga waya yana cewa ai ya sa suna.

Wanda abin ya faɗo wa a ka shi ne Bakoji direba, don shi ya kawo maganar tun farko.

Bakoji ya haura hamsin. Yana da wata jar Golf da ta san kowane rami tsakanin Birnin Gwari da Kaduna, yana kuma da baki. A tasha ba a kiransa da sunansa, Rediyo ake ce masa. Idan ya zauna a bencin mai shayi, lodi kan tsaya don 'yan kamasho sun tafi sauraro. Ya san wanda ya sayi fili, da wanda matarsa ta yi yaji, da direban da ya sa tsohuwar taya a gaba. Ba mugu ba ne. Magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinsa.

Yadda tafiya take a da, mutumin ƙauye da zai je Kaduna wahala uku ke gabansa. Zai nemi ɗan acaba ya kawo shi mararraba, inda burji ya haɗu da kwalta. Nan ɗan acaba zai sauke shi ya juya, don daga nan yankin masu Keke ne, kuma wanda ya tsallake iyaka da fasinja sai an ƙwace masa makulli. Mutum zai tsaya jiran Keke ya shigar da shi gari. A tasha kuma sai mota ta cika, sai an haɗa ayari, don ba motar da ke shiga daji ita kaɗai. Ƙungiya uku, kowace da ciyamanta, ba abin da ke haɗa su sai faɗa. Mafi muni shi ne tsayuwar mararraba. Itacen ɗorawa ɗaya ne a wurin, daji yana bayanka.

A nan ƙanwar Bakoji, Bushira, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Kuyello, ta wuni wata damina da ɗanta a goye, jikinsa kamar garwashi. Masu Keke duk sun tafi cin kasuwar wani gari. Kafin ta isa asibiti yaron ya cika. Ran nan Bakoji yana tasha, motarsa ba kowa a ciki, kuma tafiyar ba ta kai ta shan kofin shayi ba. Bai sani ba. Tun daga ranar ya sa wa ransa cewa sai ya kashe tsayuwar mararraba, ko da me za a yi.

Wadda ta ba shi hanya ita ce Dinah, 'yar Malam Edward tsohon hedimasta. Ta yi karatun kwamfuta a Kaduna, ta dawo ta buɗe shagon gyaran waya a bakin tasha. Ita ta haɗa manhajar. Ka danna sau ɗaya, ka faɗi inda kake da inda za ka da ranar da za ka tafi, waya ta ɗaure maka babur da Keke da mota a igiya ɗaya. Kana sauka daga wannan, wancan yana jiranka. Wanda ba shi da babbar waya, ƙaramar ma ta isa, saƙo zai tura.

Haɗa manhaja bai ba da wuya kamar haɗa ciyamomi ba. Rani guda Bakoji ya yi yana zarya tsakanin Isiyaku, shugaban 'yan acaba, wani gajere mai saurin hawa, da Japheth na masu Keke, wanda komai abin dariya ne a wurinsa har sai an zo sa hannu. Direbobi suka ce wa Bakoji tunda shi ya jajiɓo, shi zai tsaya musu. A ƙarshe aka yarda a gwada zuwa a gama cire masara. Idan abin bai yi ba, kowa ya koma iyakarsa, kada a sake tayar da maganar.

To ga yadda ranar farko ta kasance.

Cikin waɗanda suka zo Laraba har da Bushira. Ba ta sami ayari ba, ta sauka gidan yayanta. Yana alwalar magariba ya tambaye ta dalilin da ta sa Talata ta zo Laraba. Ta dube shi kamar wanda ya tambayi abin da yara suka sani.

"Yaya, har da kai? In rubuta ranar tafiyata ta gaskiya a abin da ban san wanda ke karantawa ba? Na sa Talata ne don idan akwai mai jira, ya jira Talata."

Bakoji ya tsaya da buta a hannu.

Abin da ta faɗa ba sabo ba ne. Tun da daji ya lalace, mutumin Birnin Gwari ba ya faɗin ranar tafiyarsa. Magidanci zai ce wa iyalinsa gona za shi, sai dai su ji kiransa daga Kaduna. Idan ka ji wani ya ce gobe zai tafi, to ko ya fasa, ko yau ne. Ba a lissafa wannan cikin ƙarya, liman yana yi, fasto yana yi. Kowa ya san mutanen daji suna da kunnuwa a cikin gari. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne wannan ɗabi'a za ta bi mutane har cikin waya. Kowa ya ɗauka shi kaɗai zai ɗan karkata ranarsa, sauran za su faɗi gaskiya.

Ranar Alhamis aka zauna a shagon Dinah. Isiyaku ya shigo da zafinsa, ya ce yaransa sun ƙona mai a banza, na'urar nan mahaukaciya ce. Dinah ta ce na'ura ba ta yi komai ba, abin da aka faɗa mata ta nuna. Bakoji ya kwashe abin da Bushira ta ce ya zube musu. Japheth ya yi murmushi, ya ce wa Dinah ai ya ji ita ma ta sa suna za ta Kaduna sayo kayan waya, ta buɗe su gani wace rana ta sa.

Ta ƙi. Ya nace. Ta buɗe. Alhamis ta sa.

"Injiniya," in ji Japheth, "yau wace rana?"

Dinah ta rufe fuska da mayafinta. Aka yi dariya har mai facin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Isiyaku ma ya dara, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya ce dariya ba ta cika tanki.

Bakoji ya ce a ba shi mako guda, baki ne ya ɓata, baki zai gyara. Bayan sallar Juma'a ya nemi izinin liman ya miƙe ya yi bayani, har sai da ladan ya ja masa riga. Lahadi Japheth ya yi nasa a coci. Dinah ta bi unguwa-unguwa tana nuna wa mata cewa abin a kulle yake, ba mai gani. Mutane suka saurara da kyau, suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya saka. Suka koma gida suka yi lissafin cewa abin da aka yi ta shela a kansa haka, kunnuwan da ke kansa sun ƙaru. Wanda a da ya karkata kwana ɗaya, yanzu ya karkata biyu. Babura suka sake dawowa wayam. Isiyaku ya aiko a gaya wa Rediyo cewa ba zai jira masara ba, kasuwa ɗaya ta rage ya janye yaransa.

Bakoji yana da aboki ɗaya da ya fi kowa, Nathaniel, manomi daga Saminaka. Tun suna samari suke dara a gindin wani mangwaro bayan tasha. Kullum bayan la'asar Nathaniel zai zo a kekensa da gwangwanin madara cike da 'ya'yan dara, su share gurabe, su yi ta zagin juna har a kira magariba. Ran nan Bakoji ya kasa wasa, an ci shi sau biyu bai ko yi gardama ba. Ya tambayi Nathaniel ko shi ma ƙarya ya yi wa wayar. Nathaniel ya ce sosai ma.

"Idan aka tare ni a hanya, wa 'ya'yana za su kama? Waya? Tana da gida? Wa ya san ubanta? Ka nuna mini mutum wanda na san ƙofarsa, wanda idan maganata ta fita na san daga bakinsa ta fita, sai in yarda. Ci, na bar maka gida a buɗe."

Bakoji bai ci ba. Ya tashi ya bar dara a tsakiya ya nufi shagon Dinah. Ya faɗa mata maganar Nathaniel. Ta juya sukundireba a hannu, sannan ta ce to a cire ranar gaba ɗaya. Kada a sake tambayar kowa yaushe zai tafi. Mutum ya faɗi inda yake, da inda za shi, da ranar da ba ya so ya wuce bai isa ba. Shi ke nan. Wani ne zai zaɓa masa rana. Da safiyar ranar saƙo zai shigo masa cewa ya shirya, babur yana hanya. Ɗan acaba ba zai san wanda zai ɗauko ba sai ya tayar da mashin. Mai Keke abin da zai sani kawai ya tsaya a mararraba. Direba sai ya ga fasinja a gabansa. Ta ce na'ura za ta iya zaɓen ranar da kanta, amma ta ji abin da Baba Nathaniel ya ce, kuma gaskiya ne. Sai an sa mutum.

Aka sake kiran ciyamomi. Tsarin ya yi wa kowa. Da aka zo kan waye mutumin, kowa ya kau da kai.

Dalili a fili yake. Mutum ɗaya zai san ranar tafiyar kowa. Ran da aka tare hanya, shi za a fara nema. A garin nan kuwa idan aka kira mutum infoma, ba kullum ake jiran a ji ta bakinsa ba.

Isiyaku ya ce shi yana da ƙananan yara. Japheth ya daina murmushi, ya ce shi iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, idan wani abu ya faru ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, har cocinsu zai shafa. Dinah ta ce tunda ita ta haɗa, ita za ta riƙe. Bakoji ya ce a'a, maganar Japheth ta hau kanta ita ma, ga Malam Edward ya tsufa.

"Ni zan riƙe," ya ce.

Isiyaku ya yi dariya har ya sarƙe. "Kai? Rediyo? Sirrin da ya shiga kunnenka da hantsi, kafin azahar ya kai Buruku, ba ko kuɗin mota."

Bakoji ya ce ya ji. Ya ce a faɗi abin da zai sa a yarda da shi. Isiyaku ya fara jerowa, rabi da gaske rabi da ba'a. Ya bar tuƙi, don wanda ke ratsa daji kullum ba zai riƙe sirrin hanya ba. Ya bar bencin mai shayi. Ya bar zaman majalisa. Biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, ya yi addu'a a tsaye ya wuce. Japheth ya ƙara da cewa har da dara, don a wurin dara ne baki ya fi zuba. Suna faɗa suna kallonsa, suna jira ya ce wasa yake yi.

Bakoji ya laluba aljihu ya ciro makullin Golf ya ajiye a kan teburin Dinah, tsakanin matattun wayoyi. Ya ce a ba Auta, wani direba da injin motarsa ya buga, ya riƙa ja suna rabawa. Ya ce akwai saura? Isiyaku ya daina dariya.

Dinah ta share masa wani ɗan ɗaki a bayan shagonta, inda take ajiye kwalaye. Kujera ɗaya, tebur, taga mai ƙarfe. Ta koya masa danne-dannen, ya sha wuya don yatsunsa sun saba da sitiyari, amma ya iya. Aka yi shela cewa daga yau ba a tambayar rana, kuma Bakoji ɗan gidan Malam Na'ibi ne ke riƙe da ita, ga ƙofar gidansa nan kowa ya sani.

Mutane suka fara da ɗari-ɗari. Wata tsohuwa daga Kuyello ce ta fara ba da labari a kasuwa. Ta ce tana shara da safe saƙo ya shigo wayar jikarta, kafin ta ɗaura ɗankwali babur yana ƙofa. A mararraba ƙafarta ɗaya na ƙasa, ɗaya na cikin Keke. A tasha ko ruwa ba ta saya ba aka tashi. Daga nan sunaye suka fara shigowa. Isiyaku bai janye yaransa ba. Bai kuma yarda da Bakoji ba. Ya riƙa turo masa mutane, wannan da tsire, wancan da sabon labarin wani ɗan kansila, su tsaya a taga su ja shi da hira. Bakoji ya karɓi tsire ya yi godiya ya rufe taga.

Kada wani ya ce abin ya zo masa da sauƙi. Daga ɗakin yana jiyo dariyar bencin mai shayi. Yana jin ana ba da labarin da ya fi kowa sani, ana ɓata shi, ba halin ya gyara. Ya koma cin goro har haƙoransa suka rine. Matarsa ta ce gidan ya zama kamar an yi rasuwa, ta tambaye shi ko ciwo yake ɓoyewa. Wani lokacin idan ya gama tura saƙonnin safe, sai Dinah ta jiyo shi ta bango yana magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai, yana ba kwalaye labari.

Ana cikin haka bikin 'yar Nathaniel ya taso, Comfort, za a ɗaura a wani coci a Kaduna ranar Asabar. Nathaniel ya sa suna kamar kowa. Litinin ba saƙo, Talata ba saƙo. Laraba da la'asar ya jingine kekensa ya zo taga. Ya gaida Bakoji, ya ce ba na kowa ya zo tambaya ba, nasa kawai. Akwai akuya da za a yanka, akwai doya da za a ɗaure, matarsa ta hana shi barci. Gobe ne ko jibi?

"Saƙo zai zo," in ji Bakoji.

"Na san zai zo. Ni ne fa, Rediyo. Ba sai ka yi magana ba. Idan gobe ne ka sosa kunne."

Hannuwan Bakoji suna kan tebur. Ya bar su a nan.

"Saƙo zai zo, Nata."

Nathaniel ya daɗe yana kallonsa. Ya ce yarinyar nan a cinyar Bakoji ta yi fitsari ranar da aka raɗa mata suna. Ya ce shi ne ya ba da shawarar a sa mutum, bai san dutse za a sa ba. Ya hau kekensa ya tafi. Washegari da safe saƙonsa ya shiga, ya isa Kaduna lafiya da akuyarsa, aka sha biki. Da ya dawo, ko ya wuce ta bayan tasha ba ya kallon tagar.

Aka fara cire masara, hanya ta cika da buhuna. Wata Litinin ayarin safe ya yi karo da mutanen daji. Motar gaba ta hango su ta yi ribas, sauran suka juya. Ba a ɗauki kowa ba, amma harsashi ya fasa gilashin jar Golf ya sami Auta a dantse. Kafin azahar labari ya gama gari. Bayan azahar mutane suka taru a bakin shagon Dinah, da 'yan sa-kai a gaba riƙe da bindigogin toka.

Tambaya ɗaya ce a bakin kowa. Wa ya san ayarin nan zai tashi yau? Amsar ma ɗaya ce.

Aka fito da Bakoji aka zaunar da shi a ƙasa, a rana. Hularsa ta faɗi ba wanda ya ɗaga. Dinah ta fito da kwamfuta tana rantsuwa cewa ba abin da ya fita daga wayarsa, a zo a duba. Ba wanda ya kalli kwamfutar. Wani daga baya ya faɗi kalmar nan, infoma, wani ya maimaita.

Bakoji ya ji maganganu sun taso masa har wuya. Zai iya ba su tarihin hanyar nan tun kafin a haifi rabinsu. Zai iya tuna musu da ɗan Bushira, da motarsa da ya bayar. Ya san kuma duk yawan abin da ya faɗa, Rediyo za su gani. Ya haɗiye.

"Ban faɗa wa kowa ba," ya ce. Bai ƙara ba.

Shugaban 'yan sa-kai, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce magana ba ta tashi sama da kanta, sai an zauna da wani an faɗa masa. To da wa mutumin nan yake zama? Wanda ya gan shi da wani ya fito ya faɗa.

Aka dubi mai shayi. Ya ce rabon Bakoji da bencinsa tun masara ba ta yi goyo ba, har cinikinsa ya ragu. Aka dubi maƙwabcinsa, ya ce daga masallaci sai gida, ko a sunan jikan liman a tsaye ya yi addu'a. Isiyaku ya yi gyaran murya, ya ce shi da kansa ya sha tura mutane su ja bakinsa, tsirensa kawai ya yi asara. Jama'a suka yi ta duban juna. Kowa yana neman wanda zai nuna, babu.

Sai ga murya daga can baya, cike da haushi. Nathaniel ne, riƙe da kekensa.

"Ku daina ɓata wa kanku lokaci. Wannan? Tun ba mu da gemu nake dara da shi. Bikin 'yata, 'yar cikina, na tsaya a tagar can na roƙe shi ya sosa kunne kawai in san ranar tafiyata. Ya zauna yana kallona kamar buhun gawayi. Har yau ban yafe ba. Idan ni bai gaya mini tawa ba, ɓarawon daji ne zai gaya wa taku?"

Wani ya yi dariya, ya yi sauri ya rufe baki. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki hular Bakoji ya kaɗe ta ya miƙa masa. Taro ya fara zubewa ta gefe-gefe. Kafin la'asar wani direban babbar motar shanu ya iso ya ce tun da asuba mutanen dajin suke kan hanyar suna jiran duk wanda Allah ya kawo, shi ma da ƙyar ya sha. Waɗanda suka fi ɗaga murya ɗazu suka zo taga suna cewa sannu Malam Bakoji, ai mun san ba za ka yi ba. Ya ce musu yauwa.

Da aka gama cire masara ciyamomi suka zauna. Ba a yi doguwar magana ba. Isiyaku ne ma ya fara cewa a ci gaba.

Washegarin ranar da aka zaunar da Bakoji a ƙasa, bayan la'asar, ya jiyo ana shara a gindin mangwaro. Ya leƙa. Nathaniel ne durƙushe yana tone guraben dara da ruwan sama ya cike, gwangwaninsa a gefe. Da ya gama ya zo taga, bai yi sallama ba, ya ce fito in ci ka, rabon da in ci wani mai gardama har na manta.

Bakoji ya dubi gwangwanin. Ya dubi guraben. Har ya dafa tebur zai miƙe.

"Nata, jiya abin da ya fid da ni, ba wanda ya taɓa ganina zaune da kowa. Idan na zauna da kai yau, ran da aka sake tare hanya mu biyu za a zaunar a ƙasa."

Nathaniel ya ce wasa ɗaya. Bakoji ya girgiza kai. Nathaniel ya tsaya har inuwar mangwaro ta kai bango. Bai yi fushi ba wannan karon. Ya ɗora gwangwanin a bakin taga, ya ce a ajiye masa, ya tura kekensa ya tafi a ƙasa bai hau ba.

Tafiya Ɗaya tana nan tana aiki. Ciyawa ta rufe inda mutane ke zama a gindin ɗorawar mararraba. Bushira kan shigo gari da buhun dawarta, ta sauka daga Keke ta shiga mota, ta ɗaga wa taga hannu, a ɗago mata. Auta ya warke, shi ke jan jar Golf har yanzu. Sababbin 'yan acaba da suka shigo bana suna kiran mutumin ɗakin kwalaye Baba Shiru, kuma idan aka ce musu a da shi ne Rediyon tasha sai su ɗauka ana zolayarsu. Gwangwanin yana bakin taga, ya yi tsatsa. Bakoji bai sake zama da kowa ba.